Kwanon Inna da Yaya Ya Maido

Kwanon da aka cinye abincinsa da wanda ba a taɓa ba, ƙararsu ba ɗaya ba ce. Duk macen da ta daɗe tana aika abinci ta san haka ko tana ƙuryar ɗaki. Wanda aka cinye, in an ajiye shi bisa siminti, ƙwal yake yi, murfin ya ɗan yi rawa kafin ya tsaya. Cikakke kuwa dum yake yi, ya zauna. Ran nan ina ɗaka ina ninke kayan yara na ji babur ɗin maigidana ya tsaya a ƙofa, na ji sallamarsa guntuwa, sannan na ji dum a tsakar gida. Hannuna ya tsaya cak a kan wata ƴar riga. Tun ban fito ba na san Yaya bai ci ba.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama a lakwal, wato firamare, can Damagaram, shi ya zame mini uba. Shi ya kai ni koleji a bayan kekensa ranar farko. Shi yake zaunar da ni bayan magariba ya yi mini tambayoyin darasi, in na kuskure ya ɗan ja mini kunne, in na amsa daidai ya ce, "Ai dole, ƙanwar wa ce?" Shi ya yi mini walicci. Daga baya aiki ya kai shi Yamai, kotun da ke bin diddigin dukiyar ƙasa, ni kuma aure ya kawo ni Arlit. Shekara shida rabon da in sa shi a ido. Ko rasuwar Inna ban samu zuwa ba, ta same ni cikin jego. A cikin kayanta da aka aiko mini akwai wani kwano, samira babba mai jajayen furanni da suka koɗe, wanda a ciki take zuba wa Yaya tuwo tun yana saurayi.

Maigidana kuwa shi ke kula da mangaza a wata ma'aikatar gwamnati da ba sai na faɗi sunanta ba. Makullan ɗakin ajiya suna hannunsa: injinan jan ruwa, faifan hasken rana, bututai, kayan da ake kai wa rijiyoyin makiyaya can wajen Gugaram da gaba. Mutum ne da ko allurar wani ba ya ɗauka, amma ba ya son a kunyata shi ko da wasa.

Kwana uku kafin ranar, Yaya ya kira ni a waya. Ya ce, "Auta, zan zo garinku da aiki, mu uku ne. Ma'aikatar mijinki na cikin waɗanda za mu duba. Kada ki gyara mini ɗaki." Na ce to, na ajiye wayar, na tafi na gyara ɗaki. Na ɗauka kara ce irin tasa, ba ya son ya takura wa mijin ƙanwa. Na wanke labule, na shimfiɗa sabon zanen gado, na yi turare har ƴata ta fari, tana da shekara bakwai a lokacin, ta tambaye ni ko amarya za a kawo.

Suka iso, ya sauka wani wuri daban. Washegari da hantsi direban shugaban maigidana ya yi sallama da cinyar rago da kwandon dankali da albasa na lambu. Ya ce shugaba yana gaisuwa, ya ce a yi wa babban baƙonmu girki mai kyau, tun da ƙanwarsa ce ta san abin da yake so. Wallahi daɗi na ji. Na ce ashe har shugaba ya san darajar Yaya. Ban tsaya na yi tunanin komai ba. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuɓewa busasshiya da daddawar gida da nake ɓoyo a cikin gwangwani, na sa naman ya dahu har yana rabuwa da ƙashi. Na zuba a kwanon Inna, na ɗaure da farin ƙyalle. Da maigidana ya zo cin abincin rana, shi da kansa ya ɗaura a bayan babur ya koma da shi.

Kwanon nan ne ya dawo mini yadda na ɗaure shi, ko ƙullin ba a kwance ba.

"Malam, lafiya?"

"Ki tambayi yayanki." Ya zauna bakin tabarma bai cire takalmi ba. "A tsakiyar ma'aikata, ƙarƙashin rumfa, masu gadi na kallo, direbobi na kallo. Ya tashi ya gaishe ni da hannu biyu, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga kwanon sai ya ɗora hannu a kan murfin, ya daɗe. Ya ce in gaya miki ya gane kwanon, amma ba zai iya ci ba. Ni ɓarawo ne da za a ƙi tuwon gidana?"

Ƴata ta leƙo daga bayana ta ce, "Kawu azumi yake yi?"

A wurinmu ba a maido kwano haka. Ko baƙo ya ƙoshi, sai ya sa hannu ya ɗan taɓa, ya ba na kusa da shi, a wanke a maido da ɗan dabino ko sabulu a ciki. Wanda ya maido kwano a ɗaure, magana ya aiko, kuma maganar ita ce babu ni babu ke. Wannan shi ya tsaya mini a ƙirji. Ba ni da uwa ba ni da uba, in Yaya ya yanke ni wa ya rage?

Maƙwabciyata ta jiyo shirun gidan ta shigo. Mutuniyar Abzin ce, mijinta yana tuƙa sitarna, tankar ruwa, kuma a Hausarta kowa "kai" ne, ni ma haka. Ta kwance ƙullin, ta buɗe, ta shaƙi turirin da ya rage.

"Kai, wannan miya ba a ƙin shi. Da wane tukunya ka dafa?"

"Tukunyata mana."

"To yayanka ɗan Yamai ne, an gaya masa labarin garin nan. Tsoro yake ko tukunyanka tsohon ƙarfen wurin haƙar uraniyom ne aka narka. Ba kwantirol aka ce ya zo ba? Ka kai masa tukunyan ya auna."

Ita duk kwantirol ɗin da ta sani, wato bincike, shi ne na masu yawo da ƴar na'ura suna auna ƙarfe da ƙasa ko da gubar uraniyom a ciki. Ina cikin hawaye dariya ta ƙwace mini. Na ce ba irin wannan ba ne, shi takardu da kaya yake dubawa. Ta ce to in takarda yake dubawa me ya haɗa shi da tuwo? Na ce ta ɗauki abincin ta kai wa yaranta.

Na yi sallar la'asar, na daɗe a kan sallaya. Da na shafa addu'a na riga na yanke shawara. Yayana ne. Ba zan zauna ina jin saƙonsa a bakin kwano ba, yana cikin garin da nake. Na nemi izini, Malam ya ce, "Ki je. Amma ba da kwanona ba." Na ce ai kwanon na Inna ne. Na sa hijabi na kama hannun ƴata.

Ashe an yi musu tayin masauki mai sanyi a unguwar manya, suka ƙi, suka kama ɗakuna a wani ƙaramin otel kusa da tasha, inda masu jiran motar Cibarakaten, wurin haƙar zinariya, ke shimfiɗa a inuwar bango da jarkokinsu. Na same shi a ƙofa da burodi da gwangwanin sardin a gabansa. Ya rame, furfura ta cika masa gemu. Wannan sardin ɗin ya fi komai yi mini zafi. Ya miƙe da sauri, ya ɗaga yarinyar sama duk da girmanta, idonsa ya cika. Amma bai ce mu shiga ciki ba. Ya jawo benci nan bakin titi, ya ƙwala wa abokiyar aikinsa kira, wata madam doguwa mai tabarau, ya ce ta zo ta zauna da mu.

"Yaya, har da shaida? Ni ce fa."

"Don ke ce, Auta."

"Me na yi maka? In ma laifi na yi, tuwon me ya yi?"

Ya dube ni irin kallon da yake yi mini da in na kawo amsar da ban yi tunani ba. Ya ce, "Naman wa ya saya?"

Sai a lokacin na tuno direban, na tuno cinyar ragon, na tuno kalmar "babban baƙonmu". Shugaban da shekara shida bai taɓa aiko mana ko albasa ɗaya ba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Ya ce ba don ya san da naman ya ƙi ba, zato kawai ya yi, kuma ko da Malam ne ya saya da guminsa ba zai ci ba sai aikin ya fita hannunsa. Ya ce tun a Yamai ya rubuta wa na gaba da shi cewa mijin ƙanwarsa yana ma'aikatar, ya nemi a cire shi daga tafiyar. Ba su da yawa, ba a samu wanda zai maye shi ba, sai aka raba aikin: duk abin da ya shafi mangaza madam ce za ta duba, shi ko takardar ba zai taɓa ba.

"To in ba kai za ka duba shi ba, me zai hana ka ci?"

"Kin tuna darasin zaman ɗan ƙasa a koleji? Me ya sa aka rubuta kotunmu cikin kundin tsarin mulki, ba a bar ta ofis a ƙarƙashin wani minista ba?"

Ya koma malamina a bakin titi. Ni kuwa ban manta ba, don wannan darasin na fi kowa maki a ajinmu. Na ce, "Don kada wanda aka damƙa wa dukiya ya zama shi ke riƙe da wuyan mai duba shi. Abin da ke cikin kundi, mutum ɗaya ba ya tashi da safe ya goge shi don an ɓata masa rai. Ba zai kore ku ba, ba zai kai ku daji don kun faɗi gaskiya ba, ba zai gaya muku inda za ku duba da inda za ku rufe ido ba."

Madam ta tafa hannu ta ce, "Yallaɓai, ka ba ta kujerarka ka koma gida."

Ya yi murmushi na farko tun zuwana. Ya ce, "To kundi ya hana a kore ni. Bai hana a ciyar da ni ba. Wanda ya kasa kiran shugabana ya tsorata ni, sai ya nemi ƙanwata ya aika mata rago. In na ci yau a gaban mutanen nan, gobe duk abin da muka rubuta za a ce da miya aka rubuta shi. In mun wanke mijinki, babu wanda zai yarda wankakke ne."

Na ji maganar ta shiga, amma ban saki ba. Na ce, "Zumunci fa, Yaya? Shi ma ai a rubuce yake, a Littafin da ya fi naku."

"A kan Littafin nan na ɗora hannu na rantse ranar da na kama aikin, Auta. Ban yanke ki ba. Jinkiri na roƙa."

Wata kar, babbar motar ɗaukar ma'aikatan haƙa, ta wuce ta tayar mana da ƙura. Madam ta kaɗe tabaraunta ta ce, "Ni dai tun daga nesa na jiyo ƙamshin daddawar nan, kuma har yanzu ban yafe masa ba. Kwana huɗu sardin, ƴar'uwa. Ko kyanwa ta gaji."

Na tashi da zuciya mai sauƙi fiye da yadda na zo, ko da yake ba duka ba. Na gaya wa Malam yadda muka yi, ya ji. Kunyar rumfar nan ba ta sake shi ba tukuna.

Washegari direban ya sake dawowa, wannan karon da zabi biyu a ɗaure. Na tsaya daga bayan ƙofa na ce ya gaishe da shugaba, ya ce masa na gode, amma baƙon ba ya cin girkina, kada zabin su lalace a banza. Ya ce in dai karɓa, ko yara sa ci. Na ce yaran ma sun ƙoshi. Ban taɓa maido wa babba kyauta ba a rayuwata sai ran nan. Da Malam ya ji ya dafe kai ya ce, "Kin san wa kika mayar wa kaya? Ni zan shiga ofis gobe, ba ke ba." Na ce, "Malam, mangazarka akwai abin da ya ɓace ta hannunka?" Ya ce Allah ya sani babu. Na ce, "To me za mu yi da zabi?"

Ya sha ɗaurin fuska a wurin aiki, ba zan ɓoye ba. Makonni shugaban ba ya amsa gaisuwarsa sai da ka. Madam ta yi kwana huɗu a mangaza tana ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, Malam yana dawowa da ciwon baya yana cewa bai taɓa ganin mace mai taurin kai irinta ba, har ƙarƙashin tamfol ta shiga. Daga nan suka ɗauki motarsu, ba ta ma'aikata ba, suka shiga daji suna bin rijiyoyi suna tambayar makiyaya.

Ranar da za su koma na je yi musu ban kwana hannu rabbana. A duk abin da ya faru wannan ya fi mini wuya. Tun ina yarinya ban taɓa ganin an sallami matafiyi ba guzuri ba, kuma na san hanyar nan, na san ramukanta. Na riga na daka tukuɗi, garin gero da cuku da dabino, na bar shi a gida a rufe. Yaya ya dubi hannuwana ya ga babu komai, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Auta." Ya gane.

Watanni suka wuce kafin sakamakon ya fito. An tarar wasu injinan da aka rubuta an kafa a rijiyoyi ba su taɓa isa can ba. Takardun mangaza kuwa sun nuna ranar da kowane ya fita da hannun wanda ya ba da umurni, don Malam ba ya buɗe ƙofa sai da takarda, abin da a da ake yi masa dariya a kai. Sunansa ya fita tas. Abin da aka yi da sauran ba nawa ba ne in faɗa.

Sai magana ta tashi a majalisar shayi da ke ƙofar ma'aikata, kamar yadda Yaya ya hango. Wani ya ce ai dole a wanke shi, yayan matarsa ne ya zo. Malam yana daga ciki yana ji. Sai tsohon mai gadi, wanda ba ya shiga maganar kowa, ya ajiye kofinsa ya ce, "Wane yayan mata? Ni na ga kwanon da idona. Yadda ya zo haka ya koma, ko ƙullin ba a taɓa ba. Mu muka yi ta haɗiyar yawu." Aka yi dariya, maganar ta mutu a nan. Malam ya dawo gida ya ba ni labarin yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Ki kira Yaya ki gaishe shi. A'a, ba ni wayar."

Tun daga lokacin dokoki sun sauya a ƙasar, kamar yadda kowa ya sani, kuma ni ba mai bin siyasa ba ce. Amma in na ji ana gardama a rediyo kan wa ya kamata ya naɗa masu duba dukiyar jama'a, wa zai iya cire su, a ina za a rubuta matsayinsu, nakan rage wutar girki in saurara, don na san amsata. A rubuta su inda hannu ɗaya ba zai kai ba. Na ga makiyayan da aka bar wa rijiya ba inji, suna ja da raƙumi cikin zafin nan, kuma ba su da wanda zai je ya tambaya musu sai irin su Yaya. In waɗannan ma suna cin tuwon wanda suka zo dubawa, an gama da su.

Bayan babbar Sallah Yaya ya ɗauki hutu. Ya shigo kar ta haya kamar kowa, kwana biyu a hanya, ya sauka da kumburarrun ƙafafu da ƙura har cikin kunne. Malam ya tarbo shi a tasha, ya ɗauko jakarsa da kansa. Ɗakin da na gyara wancan karon na sake gyarawa, da zanen gadon nan dai. Da asuba Malam ya tafi kasuwa ya dawo da cinyar rago, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya: "Yaya, ni na saya. Mahaucin yana nan da ransa in kana son shaida." Daga ɗaki Yaya ya ce, "A kawo shi da takardunsa." Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Kai, wannan karon ka nuna masa tukunyan tun da wuri."

Na tuƙa tuwon, na kaɗa miyar da ragowar daddawar da na hana kaina taɓawa duk watannin nan. Na zuba a kwanon Inna. Ban ɗaure da ƙyalle ba, don daga madafa zuwa inuwar zaure taku goma ne. Suka zauna su biyu, na koma ɗaka na zauna bakin gado, na kasa yin komai. Ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, wani lokaci dariya.

Ƴata ta ƙi zuwa wasa, ta maƙale a bakin zaure. Can na ji takunta a guje, na ji ƙwal a kan siminti, murfin yana rawa. Ta ɗaga labule tana haki ta ce, "Mama, kin ji? Babu komai a ciki. Kawu har miyar ya suɗe, kuma ya ce in tambaye ki ko da saura a tukunya."